Gona a wajen Kufena: a duba ƙasa kafin a yanka fuloti?

Malam, ka ce kun gaji gona ta wajen Kufena kuna son yanka fuloti, amma duk huɗa sai garma ta tono tsingaro da wani baƙin dutse mai nauyi, wai a sa katafila kawai ko a tsaya?

Gaskiya ku ɗan dakata. Baƙin dutsen nan in yana da ramuka kamar an narkar da shi to kashin maƙera ne, alamar an taɓa narka tama a wurin, kuma ba abin mamaki ba ne don yankin Kufena mutane sun zauna tun kafin birnin Zazzau na yanzu, ko a Samaru an tono tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe. Ka zaga gonar bayan ruwan farko, lokacin ƙasa ta wanku komai na fitowa fili, ka duba tudun da ya bambanta da saura, toka-toka, dutsen niƙa, ramukan marina da suka cike, kukoki a cunkushe waje ɗaya, kufai kenan. Ka ɗau hoto da waya a inda abin yake, kar ka kwashe cikin buhu, da an ɗaga shi rabin labarinsa ya tafi.

Daga nan ka leƙa sashen akiyoloji, wato masu binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa, na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, sukan haƙa ɗan ramin gwaji su gani. A doka kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ake sanar wa, ita ke ba da izinin haƙa.

Na san tsoronka kar a ce za a ƙwace gonar. Sau da yawa ɗan lungu ne abin ya shafa, sai a zagaye shi a yanka sauran. In kuma kuka ci karo da kabari ku fara sanar da mai unguwa.