Hukuncin motar da ta mutu: a sayar, a bayar, ko a bar ta a ajiye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da mota da ta lalace, yau kusan shekara 2 tana ajiye a ƙofar gida ba ta tashi. Makanike ya ce injin ya buga, giyar ma da matsala, kuma kuɗin gyaran zai kusa kai kuɗin motar. Wani dillali ya ba ni shawara a ɗan lallaɓa ta yadda za ta tashi ranar da mai saye zai zo, a zuba mata baƙin mai mai kauri don ƙarar injin ta lafa, a sake mata fenti, sai in ce masa "ga ta nan yadda ka gan ta, abin da ya biyo baya ba ruwana." Maƙwabcina kuma ya fara ƙorafin ta tare hanya. Shin wannan cinikin ya halatta? In na bayar da ita sadaka ina da lada? Kuma akwai zakka a kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka aikata.

Shawarar dillalin nan haramun ce, kada ka ɗauke ta. Sayar da matacciyar mota halal ne, domin dukiya ce mai tsarki mai amfani, amma sai an sayar da ita a matsayin matacciya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, sai yatsunsa suka taɓa jiƙa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya ce: "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ka lura, mutumin nan bai faɗi ƙarya ko ɗaya da bakinsa ba. Ya dai jera kaya ne yadda ido ba zai kai ga aibin ba, kuma hakan kaɗai ya isa.

Akwai misalin da ya fi wannan kama da naka. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an hana a ɗaure hantsar raƙuma ko tunkiya kwana da kwanaki ba a tatsa ba don ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Aka ba mai sayen zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Zuba baƙin mai mai kauri don a rufe ƙarar inji ɗaure hantsa ne na wannan zamani. Haka mayar da lissafin tafiyar mota baya, haka shafe tsagewar bodi da fenti ba tare da an faɗa ba. Wanke mota da goge ta ba laifi, domin wannan bai ɓoye komai ba. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya tattara ƙa'idar a Risala: bai halatta mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa ba wanda in ya ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko farashinta zai ragu. To tambayi kanka, in mai saye ya ji injin ya buga, zai biya kuɗin da ka ke so? Ka san amsar.

Sai maganar "yadda ka gan ta". Malaman fiƙihu suna kiran wannan sharaɗin barranta daga aibi, kuma mutane da yawa sun ɗauka garkuwa ce. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya sayar da bawa a kan dirhami 800 da irin wannan sharaɗi. Mai saye ya gano cuta a jikinsa, suka je gaban Usman ɗan Affan (RA). Usman bai ce sharaɗi ya gama magana ba. Ya nemi ɗan Umar ya rantse cewa ya sayar ba tare da ya san da cutar ba. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa, daga baya bawan ya warke ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da malamai suka ciro shi ne sharaɗin ba ya kare mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru. Hanafiyya sun fi sassauci wajen zartar da sharaɗin a gaban alƙali, amma su ma sun haramta ɓoye aibi. Malikiyya kuwa sun ƙara da cewa ba a dunƙule aibi, sai an siffanta shi ko an nuna shi. Cewa "tana da 'yan matsaloli" bai wadatar ba. Ka ce injin ya buga, giya ba ta shiga daidai, shekara 2 ba ta motsa ba, kuma ka bar mai sayen ya zo da makanikensa ya duba. In ka yi haka, duk abin da ya ɓullo daga baya wanda kai ma ba ka sani ba, ba ka da zunubinsa. Dillalin da ya san aibin ya taya ɓoyewa kuma yana da nasa kason na laifi, ladan dillancinsa ba tsarkakakke ba ne.

Na san kuɗin zai ragu, kuma hasarar tana da ciwo. Amma hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) a Bukhari da Muslim ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana za a sa musu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar cinikinsu. Kuma aibin mota ba kamar aibin riga ba ne. Wanda ka sayar wa zai ɗauki iyalinsa ya hau titi da ita.

Barin ta a ƙofar gida ma ba mafita ba ce. Kowane wata tana ƙara tsatsa, tayoyi suna tsagewa, batir yana mutuwa, robobin inji suna bushewa, darajarta tana zubewa a banza, alhali Annabi (SAW) ya ce Allah Ya ƙi mana tozarta dukiya. Ya taɓa wuce matacciyar akuya ya tambayi masu ita me ya hana su ɗauki fatarta su jeme su amfana. Idan mushe ma ana neman abin amfani a jikinsa, ina ga ƙarfe da gilashi da wayoyi? Ƙorafin maƙwabcinka kuma yana kan gaskiya. Hanya haƙƙin kowa ce, kawar da abin cutarwa daga kanta reshe ne na imani, kuma tsohuwar mota tana tara ruwan da sauro ke haihuwa, tana zama maɓoyar ɓeraye da macizai, yara kuma suna shiga ciki.

Saboda haka ko dai ka sayar da ita ɗungurungum ga mai son gyarawa, ko ka kwance ta a sayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a faɗi cewa tsoho ne da halin da yake ciki, ko ka ba masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan awo. Duk sun halatta. Sai dai kada a zubar da baƙin mai da ruwan batir a ƙasa ko a magudanar ruwa, domin batir yana ɗauke da dalma da ruwa mai ƙuna, kuma ba a cuta, ba a cutarwa. Ka cire lambar motar, ku yi rubutu da shaidu, a sauya sunan mai ita a takardu bisa dokar inda kake, don kada a yi ɓarna da sunanka.

Sadaka kuwa, in wanda za ka ba zai amfana da gaske, kamar mai koyon gyaran mota ko talakan da zai sayar ya ci kuɗin, kana da lada. In kuwa nauyi kawai za ka ɗora masa, aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana nufin mummuna wajen ciyarwa. Gara ka sayar ka ba shi kuɗin.

Babu zakka a motar hawa, lafiyayya ko matacciya, bisa hadisin da ya ce babu zakka a kan Musulmi a dokinsa, sai ga wanda sayar da motoci ne kasuwancinsa. In ka sayar, kuɗin zai fara lissafin shekararsa daga ranar da ka karɓa, matuƙar ya kai nisabi shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka.

Allah ne Mafi sani.