Me ya sa masu mulkin kama-karya ke tayar da yaƙi?

Tambaya: Malam, ina mamakin shugaban da talakawansa ke kuka da yunwa amma ya kwashi dukiyar ƙasa ya zuba a yaƙi. Wace riba yake samu?

Amsa: Ribar da yake nema ita ce halascin mulki. Shugaban da aka zaɓa yana da ƙuri'ar jama'a a matsayin hujja, amma wanda ya hau ta bakin bindiga ko ta maguɗi dole ya nemo wani dalilin da zai sa a ci gaba da yi masa biyayya, musamman idan tattalin arziki ya taɓarɓare. Yaƙi yana ba shi wannan dalili, domin da zarar an ce abokin gaba yana bakin ƙofa, duk wanda ya soki gwamnati sai a kira shi maci amanar ƙasa.

Ka dubi Ajantina a 1982. Ranar 30 ga Maris 'yan sanda suka tarwatsa ma'aikatan da suka fito zanga-zanga a Buenos Aires saboda tsadar rayuwa. Kwana uku bayan haka, ranar 2 ga Afrilu, shugaban mulkin sojan ƙasar, Janar Galtieri, ya tura sojoji suka mamaye tsibiran Fokland da ke hannun Birtaniya, nan take dandalin Plaza de Mayo ya cika da jama'a suna ɗaga tuta suna yi masa kirari. Yunwar tana nan, mutanen da gwamnatin soja ta kama ta ɓatar kuma ba a gan su ba, amma an karkatar da hankalin kowa zuwa teku.

A nan farfaganda ke shigowa, kuma a ganina ita ce ta fi harsashi illa ga talaka, domin tana hana shi sanin abin da ake yi da sunansa. Kafafen yaɗa labaran Ajantina sun yi ta shelar nasara har gab da ranar 14 ga Yuni da sojojinsu suka miƙa wuya, bayan mutuwar mutum 649 daga ɓangarensu. A Rasha ma, a Maris 2022 an kafa dokar ɗaurin da zai kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji.

Sai dai wanda ya jingina halascinsa da nasara, shan kashi yakan tafi da kujerarsa. Galtieri ya sauka cikin kwanaki kaɗan, aka koma mulkin farar hula a 1983. Haka ma Idi Amin na Yuganda ya kutsa yankin Kagera na Tanzaniya a 1978, zuwa Afrilun 1979 ya tsere daga Kampala.