KU TAMBAYA MU AMSA: Tsofaffin kayan soja sun yi tsada, a saya ko a sayar?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina ganin labarai wai an sayar da hular wani sarkin yaƙi miliyoyin kuɗi, to ni ma na gaji mindodi guda uku na kakana da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaya mai siffar tauraro an ce min Burma Star ce. Nawa za su yi, kuma me ya sa kayan nan ke ta hawa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Hular da ka ji labari ta Napoleon ce, sarkin Faransa na da, an yi gwanjonta a Fontainebleau ta Faransa a Nuwamban 2023 kan yuro miliyan 1.9 da ɗoriya, baƙar hula ce kawai duk ta koɗe wadda in ka ganta a yashe ba za ka waiwaya ba, amma kan da ya sa ta shi ake saye. Haka minda take. Victoria Cross, wato babbar lambar jarumta ta Birtaniya da aka kafa a 1856, tagulla ce zalla, ƙarfen nata ba wani kuɗi ba ne, amma sau 1,358 kacal aka taɓa bayar da ita kuma a bayan kowacce an zana sunan mutum da ranar da ya yi bajintar. A 2022 wadda aka ba Thomas Kavanagh saboda abin da ya yi a Lucknow ta Indiya a 1857 ta tashi kan fam 930,000 a London.

To taka fa? Kar ka ji haushina, Burma Star an raba ta ga dubban ɗaruruwan sojoji kuma Birtaniya ba ta buga suna a jikin taurarin Yaƙi na Biyu ba, saɓanin na Yaƙi na Ɗaya da ake samun suna da lambar soja da rundunarsa a jiki. Ita kaɗai kuɗinta ba zai kashe maka wata ƙishirwa ba. Abin da ke ɗaga ta shi ne takardu, littafin albashin kakanka, takardar sallama, hotonsa cikin kaki, wasiƙar da ya aiko gida, ko da ta yage ko kyankyaso ya ci gefenta. Ka haɗa su wuri guda kar ka raba mindodin, kar ka goge su da man goge ƙarfe don su yi ƙyalli, kar kuma ka canza tsohon ƙyallen da suke rataye. Masu saye sun fi son tsufan. Ni dai da ni ne ba zan sayar ba, kuɗin bai kai a rabu da abin kaka ba.

Batun hawan farashi kuwa, ai ba a ƙera sabo ba, kullum raguwa kayan suke, wasu sun shige gidan tarihi ba fitowa, ga intanet ta sa gwanjon da da mutum talatin ke zama a ɗaki yanzu ɗan Amurka da ɗan Sin da ɗan Jamus duk suna taya abu ɗaya daga kan gadonsu.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan rarar kuɗi, ana ta cewa kayan soja sun fi ajiyar banki. Nan da shekara goma ko ashirin ya kake ganin kasuwar? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Hajiya wanda ya ce miki sun fi banki ki tambaye shi ko yana da kayan da yake son ya sauke miki. Kasuwar nan hawa biyu ce. Na sama, irin takobin Napoleon da aka sayar kan yuro miliyan 4.8 tun 2007, ko na'urar Enigma ta sirrin saƙonnin Jamus da ke cin dubban ɗaruruwan daloli, wannan ina ganin za su ci gaba da hawa don masu kuɗin da ke rububinsu ba sa ƙarewa. Na ƙasa kuma, hular kwano da banati da maɓalli da gorar ruwa, nan ne nake da shakka. Yawancin masu tara su dattawa ne da suka taso suna jin labarin yaƙi daga bakin iyayensu, in suka kwanta dama magada ba ruwansu, sai a kwashi kayan ɗaki guda a zuba a kasuwa lokaci ɗaya, kin ga farashi dole ya yi sanyi. Matasan da ke shigowa ta hanyar fim da wasan kwamfuta hankalinsu ya fi karkata ga sojan laima da dakarun musamman da yaƙoƙin baya-bayan nan irin Biyetnam da Falkland na 1982 da Afganistan.

Sannan ga jabu, wallahi jabu ta yi yawa musamman a kayan Jamus na Yaƙi na Biyu, a samo hular kwano ta gaske mai arha a manna mata tambari a tsufar da shi da gangan kuɗinta ya ninka sau da yawa, ƙwararru ma ana yi musu sakiyar da ba ruwa. Ki lissafa la'adar gidan gwanjo kuma, mai saye kan biya kashi 20 cikin ɗari ko sama da haka a kan farashi, mai sayarwa ma a yanki nasa, kenan sai abu ya hau sosai kafin ki maida uwar kuɗi. Doka ma tana nan, a Amurka haramun ne sayar da Medal of Honor, wato babbar lambar jarumta ta sojansu, Jamus ta hana baje tambarin 'yan Nazi a fili, kasuwar intanet ta eBay ma ba ta karɓar yawancin kayansu. In sha'awa ce ki fara da littattafai da minda mai suna a jiki wadda za ki iya bin tarihin mai ita, in riba kike nema da sauri ki nemi wata hanya.

TAMBAYA: Wani na tallan tsohon gurneti ya ce ya mutu ba ya tashi, in saya?

AMSA: A'a. Har yau manoma a Faransa da Beljiyam suna tono bama-baman 1914 zuwa 1918 a gonakinsu, kuma sojojin kwance bam ake kira su kwashe don wasu na nan da ransu bayan shekara ɗari. Ko taɓa shi kar ka yi, ka sanar da hukuma.