Amsa: Kunne yana canzawa kuwa?

Ƙanena, ka ce kiɗin gargajiyar da Baba ke saurara gundurarka yake yi, kana tambaya ko wata rana zai shige ka. Zai shiga, amma ba a wayar salula ba.

Mu da muka tashi Yamai lokacin da rap ya cika gari, wajen shekarar 2000, da Muryar Sahel ta sako Malam Maman Barka, makaɗin gurumi, sai mu murɗa rediyo, wai kiɗin tsofaffi ne. Abin da ya juya ni, ganin ana kaɗa gurumi ido da ido a wani biki. Tsirkiya biyu kacal, amma yatsa na kaɗa ta, wani yatsan na ƙwanƙwasa ƙwarya, sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗin. Ƙaramar lasifika cinye wannan ƙwanƙwasar take yi.

Daga nan na koma kan Maman Barka. Malamin makaranta ne, ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna wurin Bukar Tar, gwanin biram, don koyon biram ɗin, kayan kiɗin ƙabilar Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale, lokacin da masu kaɗa shi sun kusa ƙarewa. Ya rasu a 2018. A ganina, aikinsa na biram ya fi na gurumin nauyi, ko da yake tsofaffi za su yi mini gardama.

Ka leƙa cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da ke Yamai, akwai ɗakin kayan kiɗin gargajiya. Kuma ka tambayi Baba ma'anar habaicin da ke cikin waƙoƙin, rabin daɗin a nan yake.