Tambaya da Amsa: Ana shiga shafinmu, amma gudummawa ba ta shigowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx ta birnin New York, ina taimaka wa wata ƙungiyar baƙar fata mai biya wa iyalai kuɗin haya don kada a kore su daga gida. Mun buɗe shafin neman gudummawa a intanet. Jama'a na shiga sosai, amma kaɗan ne ke kaiwa ga biya. Ina gizo yake saƙar? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da wannan gwajin: ki ɗauki waya, ba kwamfuta ba, ki kashe Wi-Fi, ki ba da dala 5 a shafin naku kina duban agogo. In kin wuce minti biyu, to can ne mutane ke zamewa. Yawancin masu zuwa daga WhatsApp ko Instagram suka latso adireshin, suna riƙe da waya a hannu ɗaya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma bidiyo mai kunna kansa ko hoto mai nauyin megabayit 5 shi ke cinye wannan lokacin. A matse kowane hoto ya dawo ƙasa da kilobayit 200.

Sai fom. Suna, imel da bayanan kati sun isa. Lambar waya da tambayar "ina ka ji labarinmu" su jira sai kuɗi ya shiga, kuma kada a tilasta wa kowa buɗe asusu. A jera adadi huɗu, misali dala 10, 25, 50 da 100, da gurbin da mutum zai rubuta nasa. Shafin da ya fara daga dala 100 korar mai dala 10 yake yi, alhali irinsa ne suka fi yawa. Kowane maɓalli ya kai digon allo (pixel) 44 tsawo da faɗi yadda yatsa ba zai kuskure ba, gurbin lambar kati kuma ya buɗe allon lambobi. In an yi kuskure a gurbi ɗaya, a nuna shi a nan take, kada fom ya goge duk abin da aka cika.

Ƙungiyoyi irin taku na son ja, baƙi da kore, launukan tutar da ƙungiyar Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar baƙar fata, ta ɗauka a 1920. Ba laifi, amma ja mai duhu a kan baƙi ba ya karantuwa a rana, ja a kan kore kuwa mai matsalar bambance launi ba ya ganinsa. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Launukan su tsaya a ado, rubutun fom ya zama baƙi a kan fari.

Hanyar biya ma a duba ta. Hukumar FDIC, mai inshorar ajiyar bankunan Amurka, ta gano a 2021 cewa kashi 11.3 cikin ɗari na gidajen baƙar fata ba su da asusun banki, na fararen fata kashi 2.1. Binciken cibiyar nazari ta Pew na 2022 ya nuna kashi 59 na baƙar fata sun yi amfani da Cash App, manhajar tura kuɗi ta waya, fararen fata kashi 17. Don haka kati kaɗai bai wadatar ba. A ƙara Cash App, PayPal, Apple Pay da Google Pay, amma da sunan ƙungiya, ba na wani shugaba ba.

A ganinmu, babbar maganar ita ce amana. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, asusun Minnesota Freedom Fund mai biya wa mutane kuɗin beli ya samu sama da dala miliyan 30, gidauniyar Black Lives Matter mai fafutukar haƙƙin baƙar fata kuma kusan miliyan 90 a shekarar. Dukansu sun sha tambaya kan inda kuɗin ya tafi, kuma masu bayarwa ba su manta ba. Kusa da maɓallin biya, a rubuta cikakken sunan ƙungiya, lambarta ta haraji (EIN), matsayinta na 501(c)(3), wato ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji, da inda za a ga fom 990 nata, wato rahoton kuɗinta na shekara. In wata babbar ƙungiya ce ke riƙe muku kuɗi, a faɗa, domin sunanta ne zai fito a takardar bankin mai bayarwa. In bai gane sunan ba, zai ce an yi masa sata, banki ya janye kuɗin har da tara a kanku. A faɗi ladan kamfanin biya: galibi kashi 2.9 da santi 30, wato santi 59 a kan dala 10. Akwatin maimaita gudummawa "kowane wata" kuma a bar shi fayau, mutum ya zaɓa da kansa.

Hoton iyali ba ya hawa shafi sai da izini a rubuce, don mai gidan hayar da suke rigima da shi ma yana da waya. Rasit ya tafi imel nan take. Gudummawar dala 250 zuwa sama ba ta samun rangwamen haraji sai da shaidar ƙungiya a rubuce.

Tambaya: Cikin dare ɗaya aka yi ta turo mana dala ɗaiɗai, yawanci ba su wuce ba. Mene ne wannan? Daga wani mai karatu a Chicago.

Amsa: Malam, ɓarayi ne ke gwada katunan sata, su ga wanda ke aiki, kuma fom ɗin gudummawa ya fi musu sauƙi. Ka mayar da duk wanda ya wuce tun kafin masu katin su kai ƙara. Ka sa mafi ƙarancin gudummawa dala 5, ka wajabta lambar tsaro ta bayan kati da lambar yankin gidan waya, ka taƙaita yawan gwaji daga na'ura ɗaya, sannan ka kunna matattarar zamba ta kamfanin da ke karɓar muku kuɗi.