Tallan Facebook ko zagayen kasuwa?

Malam, idan na fahimce ka, kai da abokinka kun haɗa manhajar da 'yan kasuwa za su riƙa rubuta ciniki da bashi, jarinku kaɗan ne, kana tambaya ko ku zuba shi a tallan Facebook.

A ganina ku dakata tukuna. Talla za ta sa a sauke manhajar, amma ba za ta sa a ci gaba da amfani da ita ba. Ku shiga Kantin Kwari ko Singa, ku sami 'yan kasuwa ashirin, ku saka musu ita a waya da hannunku, ku tsaya ku ga inda suke rikicewa. Bayan mako biyu ku duba mutum nawa ne suka buɗe ta ba tare da kun tuna musu ba. Mai cewa "Allah ya sa albarka, ta yi kyau" kara yake muku. Wanda ya ciro kuɗi, ko dubu ɗaya ce, shi ne mai so da gaske. Kuma babban abokin takararku littafin bashi ne da biro, ba ya cin data, ba ya neman caji.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rabon kamfani da baki. Tun ana shiri ku rubuta kason kowa. Abin da aka saba, kason yana tabbata a hankali cikin shekara 4, wanda ya fita kafin shekara ɗaya ba shi da komai. Wannan aikin lauya ne, shi zai yi muku rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya duba muku dokar kare bayanan jama'a ta 2023, tunda bashin mutane za ku riƙe.