Agogon manhajar ciniki yana ja da baya: shin sai an sayi sabuwar na'ura?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a kan sari a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce manhajar da yake rubuta ciniki da lissafin kaya da ita tana zaune ne a wata kwamfuta da yake haya ta intanet, kuma lokacin da ke fitowa a rasit ya daina dacewa da wanda ke cikin alat ɗin banki, har tazarar ta kai mintuna biyar. Wani sa'in ma lambar sirrin shiga manhajar takan ƙi karɓuwa. Yaron da ke kula masa da harkar ya ce a sayi babbar na'ura a girke a ofis. Yana so ya san ko kashe kuɗin ya dace.

Alhaji, kada ka fitar da kuɗin nan. Gyaran wannan matsala saiti ne, kuma na'urar da za ka saya ita ma sai an yi mata irin saitin, ga kuɗin batura da sola da za ta jawo maka don kada ta mutu idan an ɗauke wuta.

Abin da kake haya kwamfutar kwaikwayo ce. Kamfani yana da babbar na'ura guda ta zahiri, sai ya yi amfani da manhaja irin su VMware ko Hyper-V ko KVM ya yanka ta kashi-kashi, kowane kashi yana aiki tamkar kwamfuta mai zaman kanta. Na'urar zahiri tana ƙirga lokaci da bugun wani ɗan ƙaramin dutse da ke jikinta, kuma ko ita ba ta tsira daga kuskure ba, domin dutsen da ya kauce da kashi 20 cikin miliyan yana sa agogo ya kauce da kusan daƙiƙa biyu a kowace rana. Kwamfutar kwaikwayo kuwa aron wannan bugun take yi, tana kuma jiran layi da maƙwabtanta. Ka ɗauka an sa yaron shago ƙirga motocin da ke wucewa, amma ana ta aikensa sayo ruwa da karɓo canji. Ko da bai yi ha'inci ba, adadin da zai kawo da yamma ba zai cika ba. Abin ya fi muni idan an dakatar da kwamfutar, ko an ƙaura da ita zuwa wata na'ura, ko an dawo da ita daga tsohon ajiya, domin tana iya farkawa da lokacin da ta kwanta da shi.

Mintuna biyar ba su da yawa a ido, amma a lissafi suna da tsada. Idan abokin ciniki ya ce ya tura kuɗi ƙarfe 2:14, littafinka kuma ya nuna an rubuta rasit ƙarfe 2:09, to hujjarka ta yi rauni a duk wata jayayya, ko da shi ko da banki. Kuɗin da ya shigo jim kaɗan bayan sha biyun dare a ƙarshen wata zai faɗa cikin lissafin watan da ya wuce. Idan kuma kana zargin wani ma'aikaci da goge ciniki, ba za ka iya haɗa bayanan manhaja da hoton kyamarar shago ba. Batun lambar sirri shi ma daga nan yake: irin lambobin nan masu alƙaluma shida suna canzawa duk bayan daƙiƙa 30, kuma ana lissafa su ne daga agogo, don haka da zarar agogon manhajarka ya bar na wayarka da minti ɗaya ko biyu, sai a ƙi lambar alhali daidai take. A ofisoshin da ke amfani da tsarin shiga na Windows ma, tazarar da ta wuce mintuna biyar tana hana ma'aikaci shiga baki ɗaya.

Maganin ya daɗe da samuwa, kuma kyauta ne. Sunansa NTP, tsarin da David Mills na Jami'ar Delaware da ke Amurka ya fitar tun 1985, wanda ke sa kwamfuta ta riƙa tambayar amintattun agogo ta intanet tana daidaita kanta. Ka ce wa yaron ya nuna maka a allo cewa yana aiki. Idan Linux ce, manhajar chrony ce ta fi dacewa da kwamfutar kwaikwayo, kuma rubuta chronyc tracking zai nuna yawan tazarar. Idan Windows ce, w32tm ne ke bayar da wannan bayani. Ya kamata tazarar ta zama ƙasa da daƙiƙa ɗaya sosai. Idan a wajen Amazon kake haya, tun 2017 suke da agogon cikin gida a adireshin 169.254.169.123, in ba haka ba, adireshin agogon intanet na pool.ntp.org ya wadatar.

Yana iya ce maka ai NTP ɗin a kunne yake. Abubuwa uku ne suka fi sa agogo ya kauce duk da haka. Ko dai katangar tsaro ta toshe ƙofa mai lamba 123 da saƙon lokaci ke bi, ko kuma tsohuwar manhajar ntpd ce, wadda kan kashe kanta idan ta tarar tazarar ta haura daƙiƙa 1000, ko kuma an bar masu gyara biyu a kan agogo ɗaya, wato babbar na'ura tana tura nata lokacin, NTP kuma yana tura nasa, kowa yana warware aikin ɗan'uwansa. Wannan na ukun shi na fi zargi a duk inda agogo yake tsalle gaba da baya. A zaɓi guda ɗaya mai daidaitawa a kullum, a kashe ɗayan.

Ranar gyaran tana buƙatar hattara. Agogonka baya yake, don haka tura shi gaba ba shi da haɗari sosai. Da a ce gaba yake, mayar da shi baya farat ɗaya ana tsakiyar ciniki zai sa rasit mai lamba 501 ya riga mai lamba 500 a lokaci, kuma wasu manhajojin lissafi suna rikicewa da haka. Gyaran sannu a hankali na ntpd kuwa rabin daƙiƙa yake ciwa a cikin kowace daƙiƙa dubu, wato mintuna biyar sai sun ɗauki kusan mako guda. Shawarata ita ce a rufe ciniki da dare, a kwafi bayanai a ajiye, a tsayar da manhajar, a gyara agogon sau ɗaya, sannan a kunna. Ka rubuta ranar da yawan tazarar da aka tarar, domin akantanka ya san yadda zai karanta tsofaffin rasitai. Kada a taɓa lokutan da aka riga aka rubuta.

A duba yankin lokaci kuma. Idan wata rana ka ga bambancin awa ɗaya cif, to saitin yanki ne: yawancin kwamfutocin haya suna zuwa a kan lokacin duniya na UTC, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Idan kana da wakili a Kumasi, Gana tana kan UTC daidai. Gara a bar na'urar a kan UTC, manhajar ta riƙa juya lokacin zuwa na gari a rasit.

Kuɗin da za ka kashe bai wuce ladan aikin 'yan sa'o'i ba. A yarjejeniyarka da mai kula da manhajar, a rubuta cewa zai sa ƙararrawar da za ta aiko saƙo idan tazarar ta haura daƙiƙa biyu, kuma zai duba agogon duk lokacin da aka dawo da na'urar daga ajiya ko aka ƙaura da ita.